AKKA, 1291: JININ FATAKE DA YA CI BIRNI

 Yau mun ɗauko muku labarin wani birni mai suna Akka, a bakin tekun Bahar Rum. Malaman tarihi suna ba da shi a matsayin labarin yaƙi, amma wanda ya san ciniki zai ga labarin kasuwa ne.

A shekara ta 1095 Paparoma Urban na biyu ya yi kira ga Kiristocin Turai da su tafi su karɓe Birnin Ƙudus. Suka ɗinka alamar gicciye a rigunansu, abin da ya sa ake kiran su ƴan Salibiyya. A 1099 suka ci Ƙudus. A ƙasar Sham suka kafa masarautu huɗu: Ruha, Antakiya, Tarabulus da Ƙudus. Sarki Zanki ya karɓe Ruha a 1144, Salahuddin Ayyubi ya murƙushe su a Hiɗɗin a 1187 ya maido Ƙudus hannun Musulmi. Amma a 1191 suka sake kama Akka, suka mai da ita babban birninsu har shekara ɗari.

Me ya riƙe Akka tsawon wannan lokaci? Ciniki. Ayarin raƙuma na zuwa daga Dimashƙa da yaji, sukari, alharini da turare, jiragen ruwan Venis da Jenowa na ƙasar Italiya suna kwasa zuwa Turai. Matafiyin nan Ibn Jubair, da ya ratsa garin a 1184, ya yi mamakin yadda sojoji ke faɗa amma fatake na wucewa, suna biyan duwan ga ma'aikata Kiristoci masu rubutu da Larabci.

Rauni ya fara daga cikin gida. Tun daga 1256 ƴan kasuwar Venis da na Jenowa suka shiga yaƙi da junansu a titunan Akka, suna rushe unguwannin juna. A wannan zamanin ne kuma Masar ta faɗa hannun Mamalik, wato bayin da aka saya tun suna yara aka koya musu aikin soja. Ku sani, iyayenmu mata, a farkon wannan daula mace ce ta riƙe sarauta: Shajaratud Durri, wadda ta yi mulkin Masar kusan kwana 80 a 1250, shekarar da aka kama Sarkin Faransa Luwi na tara. Bayanta Sarki Baibars ya ci Antakiya a 1268, Sarki Ƙalawun ya ci Tarabulus a 1289.

Akka ita tana da yarjejeniyar zaman lafiya ta shekara goma da Ƙalawun, wadda aka ƙulla a 1283. Sai ga shi a watan Agusta na 1290 wasu sababbin mayaƙa da suka sauka daga Italiya, waɗanda ba su san amanar kasuwa ba, suka far wa fataken Musulmi da manoman da suka kawo kaya, suka kashe su. Ƙalawun ya ce a miƙo masa masu laifin. Manyan gari suka ƙi. Ya tashi runduna, amma ajali ya cim masa a watan Nuwamba. Ɗansa Ashraf Halil ya ɗora daga nan.

A farkon Afrilu na 1291 ya kewaye Akka da manyan majaujawa masu jifa da duwatsu, wasu kuma na haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa. Ranar Juma'a 18 ga Mayu birni ya faɗi. Sarki Hanri na biyu ya tsere Ƙubrus cikin jirgi. An kashe mutane da yawa, mata da yara da dama an sayar da su bayi. Kafin ƙarshen Agusta, Sur, Saida, Bairut da Haifa duk sun bi baya. Mamalik suka rushe Akka don kada Turawa su sake samun wurin sauka.

To ina ciniki ya nufa? Ya canza hanya zuwa Ƙubrus da Iskandariyya. Paparoma ya hana Kiristoci ciniki da Masar, amma ba a daina ba, sai dai ta bayan fage da tsada. Alƙahira ta ƙara haɓaka, har Mansa Musa na Mali ya sauka can a 1324 da zinariyarsa, a zamanin Sarki Nasir Muhammadu, ƙanen Ashraf Halil.

Mu mutanen bakin iyaka wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Mun ga albasar Galmi na ruɓewa cikin buhu, mun ga kaya na bin daji a kan babura, kuɗinsu ya ninka. Manya ke saɓawa, mai tebur da mai talla ke biya.

Shi ya sa muke kira ga sarakunan kasuwa, dillalai da fatoma: baƙon da ya kawo kaya amana ne, ko daga ina ya fito, ko wane addini yake bi. Wanda ya cuce shi a hukunta shi tun da wuri, kada a ɓoye shi don ɗan gari ne. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.