Baffa Ya Ce Dafi Ke Kisa, Ni Kuwa Na Ce a Duba Ƙarfen

A layinmu na unguwar Federal Low-Cost a Gwambe akwai wani dattijo da ke gadin dare, tsohon maharbi ne. Har gobe ba ya zuwa aiki sai da bakansa da kwarinsa, duk da samarin 'yan banga da ke tare da shi sun koma bindigar toka da tocila. Wata rana bayan isha'i muna zaune a dakali, sai ya zazzage kwarin a kan tabarma yana duba kibau. Baffana, ƙanin mahaifina, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce: "Ai wannan ƙarfen ɗan aike ne kawai. Dafi ke kisa. In dafinka na da kyau, ko ƙusa ka ɗaura wa kyauro sai ta kayar da ɓauna." Duk majalisa ta gyaɗa kai. Maharbin bai ce uffan ba. Ni ma na yi shiru, don ba a katse babba a gaban jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ba Baffa kaɗai ke faɗinta ba, kusan duk wanda bai taɓa bin sawun nama ba haka ya ɗauka. Allah ya ba Baffa haƙuri, ga inda na saɓa masa.

Ba zan raina dafi ba. Bakan Hausa ba shi da ƙarfin da zai tura kibiya ta ratsa babban nama, kibiyarmu kuma sakayau ce, kyauro ne ba gashin tsuntsu a gindi. Kakanninmu sun san haka, sai suka cike giɓin da kwankwani, wanda sinadarin da ke cikin ƙwayarsa yake tsayar da bugun zuciya. Mu mutanen Gwambe ma muna da hujja a ƙofar gida. A yaƙin Burmi, can wajen Bajoga, ranar 27 ga Yuli 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa. Wanda ya tashi yana jin wannan labari, ba laifinsa ba ne in ya ba dafi duk yabon.

Sai dai Manjo Marsh mutum ne cikin kaki. Ɓauna kuwa fatarta ita ce wadda ake yin garkuwa da irinta, ga haƙarƙari faffaɗa a jere kusa da juna, ga allon kafaɗa ya rufe rabin inda ake nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dafin da ya tsaya a fata, ko ya goge a gashi lokacin da tsini ya lanƙwashe, bai shiga jini ba, bai yi komai ba. Ga kuma lissafin nauyi: gada ba ta wuce kilo 25 ba, gwanki kuwa yakan kai 250 ko fiye. Abin da zai kayar da gada nan take, gwanki zai iya ɗaukarsa ya yi tafiyar wuni, sai dai in ƙarfen ya kai shi can ciki inda jini ke gudu.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne kibiyar kanta, wadda Baffa ya riƙe a hannunsa. Washegari na roƙi maharbin ya nuna mini da rana. Tsininta siriri ne mai baki biyu, an ƙera shi daga ƙarfe guda, ba haɗi. Ƙasa da shi kunnuwa biyu sun juya baya. Sai wuya mai tsawo, an murɗa shi an yi masa zane-zane da magagari, nan ake liƙa dafi don kada ya zame. Gindin ya shige cikin kyauro, an naɗe bakin kyauron tam da jijiya don kada ya tsage idan kibiya ta daki ƙashi. Kowane ɓangare yana da dalilinsa. Kunne don ƙarfen ya zauna a jiki idan dabba ta shiga sarƙaƙiya tana goga, ko da kyauron ya faɗi. Wuya don ya ɗauki kaya. Tsini don ya buɗe hanya. In da ƙusa za ta wadatar, me zai sa maƙeri ya ɓata gawayin ƙirya da wuninsa a kan uwar maƙera yana wannan ƙaƙale? Mutanen da suka fi mu sanin dafi su ne suka fi mu damuwa da ƙarfe. Da suka zo kan giwa ma ba dafi kawai suka ƙara ba, makamin suka sake gaba ɗaya, suka koma sango, wanda ya fi kusa da mashi fiye da kibiya.

Cikin kwarin akwai wata da ba ya harbawa. Wuyanta ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya ce tun yana saurayi ne, a dajin gefen kogin Gongola, ya sami gwanki a kusa, ya sake ta. Ta daki kafaɗa, ta naɗe, ta faɗo. Dafinta sabo ne, kwana biyu da shafawa. Gwankin ya yi gaba abinsa. Ƙarfen, in ji shi, ɗanye ne, daga wata tsohuwar ƙusa aka buga shi, mai laushi. Tun daga ranar ba ya karɓar kibiya daga maƙeri sai ya gwada ta a busasshen icce, kuma ya fi son wadda aka ƙera da ɓallin sifirin mota, a ƙona a tsoma a ruwa yadda ba za ta lanƙwashe ba, ba kuma za ta karye ba. Ya ajiye lanƙwasassar don ta riƙa tuna masa.

To, a bar batun shigar da dafi. Shin kaifi kaɗai na kisa? Ƙwarai kuwa. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. A 2001 hoton asibiti ya nuna tsinin kibiya na dutse a kafaɗarsa ta hagu, daga baya aka gano ya yanke babbar jijiyar jini. Dutse ne fa, ba ma ƙarfe ba. A yau maharban baka na Amurka suna kayar da manyan namun dajinsu ba tare da ɗigon dafi ba, don dokokin yawancin jihohinsu sun hana shi. Dogaronsu duka a kan bakin kibiya mai kaifin aska ne. Idan ya ratsa huhu biyu, jini ya zuba a ciki, dabba ba ta yin nisa.

Su ma can suna da nasu musu, kuma ya shafi namu. Akwai bakin kibiya mai naɗewa, wanda wuƙaƙensa ke kwance sai ya daki nama su buɗe, akwai kuma tsayayye, wanda yake a buɗe tun daga hannu, irin namu. Mai naɗewa yana tashi sak kuma yana yin faffaɗan rauni, amma buɗewar na cin ƙarfin harbi, ga shi duk abin da ke da mahaɗa yana da wurin karyewa. Wani Ba'amurke, Dakta Ed Ashby, ya fara auna wannan a Natal ta Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya ci gaba a kan ɓaunar ruwa a Ostareliya. Abin da ya sa a farkon jerin sharuɗɗansa shi ne kada kibiya ta lanƙwashe ko ta karye, daga tsini har gindi. Ya fifita tsayayyen baki mai kaifi biyu, dogo siriri, tsawonsa wajen ninki uku na faɗinsa, ya kuma nuna cewa kibiyar da nauyinta ya kai wajen giram 42 ta fi iya fasa ƙashi mai kauri. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai. Mutum ya ƙetare teku ya kashe shekaru yana auna abin da mai gadin layinmu ya koya a kan gwanki ɗaya.

Bambancin kawai, kibiyar da ba ta da dafi ba ta son kunne. Ita so take ta shige ta fita ta ɗaya gefen, a sami ƙofa biyu da jini zai zuba a bi sawu. Kunne kayan aikin dafi ne. Don haka mai ganin cewa yawan kunnuwa shi ne kyan kibiya, shi ma ya duba da kyau: kowane kunne tirjiya ce a kan hanyar shiga.

Akwai wata hujja da na san Baffa ba zai ture ta ba, don shi ya karantar da ni Risala ina yaro. Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da wani makami mai tsini da kauri. Hukuncin da ya zo a Bukhari da Muslim shi ne, abin da kaifin ya huda ya kashe ana ci, abin da faɗin makamin ya buge ya mutu ba a ci. Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi magana kan kibiya mai dafi: idan dabba ta mutu ba a riske ta an yanka ba, kuma ba a tabbatar kaifin ne ya kashe ta ba, ba a cin ta, saboda wataƙila dafin ne. Ashe ke nan a wurin maharbi Musulmi, cewa dafi ne ya yi kisa ba abin alfahari ba ne, matsala ce. Shi ya sa za ka ga yana gudu bin nama da wuƙa a hannu don ya riske shi da rai, sannan ya yanke tsokar da ke kewaye da raunin ya binne.

Ana cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa da siyasa na yarda. A daji ban yarda ba. Ɓauna mai rauni tana laɓewa ta jira mai bin ta, gwanki mai rauni kuma yakan je ya mutu inda ungulu kaɗai za ta amfana. Maganar Baffa, in matashi ya ɗauke ta da gaske, haka take haifarwa: ya dogara da abin shafawa, ya harba ko'ina da ko wane ƙarfe. Na san kuwa babban nama ya ƙare a dazuzzukanmu. Giwa da ɓauna da gwankin da suka rage a kusa da mu suna Yankari ne, wadda aka keɓe tun 1956, kuma harbi haramun ne a cikinta. Ba ina zuga kowa ya ɗauki baka ba. Ina gudun ne kada sana'ar ta mutu, abin da za a tuna da ita ya zama rabin labari, a manta da maƙeri.

Na karanta wa Baffa wannan rubutu kafin in fitar da shi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce batun Malikiyya gaskiya ne, sauran kuma sai ya ji daga bakin mai abin. Da dare muka je dakali. Maharbin na zaune da magagari, yana bin bakin wata kibiya a hankali, gefe ɗaya sau biyar, ɗaya gefen sau biyar. Baffa ya yi masa sallama ya tambaye shi ko dafi ke kisa ko ƙarfe. Dattijon ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya hure, sannan ya laluba cikin kwari ya zaro lanƙwasassar nan ya miƙa masa.