Mace Mai Ciki da Naman Kanti

Yau maganarmu a kan mace mai ciki ce, wadda alkama ke ɓata wa hanji, watau ciwon siliyak. Dafaffen naman kanti da ake ci da sanyi yana da haɗari biyu gare ta. Akwai ƙwayar cuta, listeriya, mai hayayyafa ko cikin firji. Uwa ta yi ɗan zazzaɓi kurum, amma ciki ya zube. Maganinta wuta: a ɗumama naman sai ya yi tururi. Amma fa wuta ba ta fid da garin alkama da akan cuɗa cikin sosej. Maigida, duba rubutun jikin ƙunshin. In da alkama ko sha'ir, bar shi, sayo ɗanye wurin mahauci a dafa a gida.