Yadda Ake Gina Manhajar Waya da Jera Tubala

A watan Agustan 2018, 'yan mata biyar daga makarantar sakandaren Regina Pacis da ke Onitsha, jihar Anambra, suka zo na ɗaya a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka. Abin da ya kai su shi ne FD-Detector, manhajar waya da suka tsara don taimaka wa mai sayen magani ya gane na jabu. Babu injiniya ko ɗaya a cikinsu. Da App Inventor suka yi aikin, dandalin kyauta da ake buɗewa a intanet.

Asalinsa daga Google ne. Farfesa Hal Abelson na jami'ar MIT ya jagoranci aikin, aka fito da shi a 2010. Da kamfanin ya janye hannu a ƙarshen 2011, jami'ar ta karɓa, kuma har yau ita ke riƙe da shi.

Aikin kashi biyu ne. Da farko mutum zai ga hoton allon waya a kwamfutarsa, ya janyo maɓalli, akwatin rubutu ko kyamara ya ajiye inda yake so. Daga nan sai ya koma ɓangaren tubala, inda kowane umarni ke zuwa da launinsa da siffarsa: wannan yana nufin idan an danna maɓalli, wancan yana nufin ɗauki hoto. Sai ya saka wancan a cikin wannan. Tubalin da bai dace da gurbi ba ba zai shiga ba, ko da za a kwana ana turawa. Dabarar ke nan, domin abin da ke korar sabon ɗalibi daga rubutun kod sau da yawa waƙafi ɗaya ne da ya ɓace, ya hana komai motsi. Idan kuma aka sa manhajar gwaji ta App Inventor a waya, duk canjin da aka yi a kwamfuta nan take zai bayyana a tafin hannu.

'Yan kasuwa ba su bar wa makarantu fagen ba. AppSheet, wanda Google ya saya a Janairun 2020, yana ɗaukar jadawalin lissafi irin na Google Sheets ya mayar da shi manhaja, ta yadda mai shago zai iya bin sawun kaya da bashi daga wayarsa. Microsoft na da Power Apps don ma'aikatu. Shi kuwa FlutterFlow, da tsofaffin injiniyoyin Google biyu suka kafa, yana rubuta kod na gaske a bayan fage, wanda ke aiki a Android da iPhone, mai biyan kuɗi kuma yana iya sauke kod ɗin ya ci gaba da kansa.

Wannan batu na sauke kod ba ƙarami ba ne, kodayake masu talla ba su cika tsayawa a kai ba. A wasu dandalin, manhajar tana zaune ne a gidan kamfani tamkar ɗan haya: in an ƙara kuɗin wata a biya, in an rufe dandalin a fara daga tushe. Kuɗin kuma galibi da dala ne.

Haka nan tubala ba sa yi wa mutum tunani. Wane bayani za a ajiye, wa ke da izinin ganinsa, me zai faru idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki? Amsar duka tana wuyan maginin. Manhaja in ta girma, tubalan kan cika allo har bin sawunsu ya fi karanta kod wahala.

Sai kuma kai ta kasuwa. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 duk shekara. Wanda ya buɗe asusun kansa a Google Play bayan Nuwamban 2023 sai ya samo aƙalla mutum 12 sun gwada manhajarsa kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin sakinta ga jama'a.