Ɗan Barto: me ke tsaga bangon laka?

A Ɗan Barto, kudu da Matameye, kan iyakar Nijar da Najeriya, jigawa ta fi yawa. Laka sai a fadama, inda magina ke ɗebo ƙasar gini. Laka takan sha ruwa ta kumbura. In hunturu ya buso daga watan Nuwamba, samanta ke fara bushewa ya tsuke, alhali cikinta da sauran danshi, sai ta dare. Ɗan kasuwar da ya gina ɗakin ajiya da zallar laka zai ga tsaga kafin bazara, kuma ta nan ruwan fari zai iske hatsinsa. Shi ya sa tsofaffin magina ke cuɗa ta da rairayi da ciyawa, su bar kwaɓin ya kwana biyu kafin su ɗora.