Musa Ma'azu, ɗan ci-ranin ƙwallo

Mu mutanen jihar Tawa mun san ci-rani. Da an ƙare girbi, samarin Azarori da na Madawa, Buza da Kaita sai su ɗauki jaka. Wasu su nufi Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. To, yanzu akwai wani sabon ci-rani da ɗiyanmu ke mafarki, wato buga ƙwallo a ƙasashen waje. Suna ganin 'yan wasa a talabijin, suna zaton kuɗɗi ne ake kwasa kamar ƙasa. Bari mu bi sawun wani ɗan ƙasarmu, don mu gane yadda wanga aiki yake.

Daga Yamai zuwa Turai

An haifi Musa Ma'azu a Yamai a shekarar 1988. Ya fara suna a ASFAN, ƙungiyar ƙwallon sojojin Nijar. Aikinsa a fili shi ne jefa ƙwallo cikin raga. Dogo ne, ga gudu kamar barewa.

A farkon 2008 wata ƙungiya ta ƙasar Beljik mai suna Lokeren ta ɗauke shi. Can ya yi ta cin ƙwallo har manya suka sa masa ido. A 2009 ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko, a ƙasar Rasha, ta saye shi. Kuɗɗin sun wuce miliyar 3 na sefa.

A nan sai mu tsaya mu gane. Ba mutum ake sayarwa ba, takardar yarjejeniya ake saye. Ɗan wasa yana sa hannu zai yi wa ƙungiya aiki shekara kaza, a biya shi albashi kaza. In wata ƙungiya ta so shi kafin wa'adin ya cika, sai ta biya masu shi. Saboda haka waɗannan miliyoyi ba aljihun Musa suka shiga ba, ƙungiyar Lokeren aka biya. Shi abin da ke nasa albashi ne, da ladan da aka rubuta cikin takarda.

Ɗan wasan aro

Mosko garin sanyi ne ƙwarai, harshensu daban, har baƙaƙen rubutunsu daban. Musa bai zauna da gindinsa a can ba. Sai masu shi suka shiga ba da shi aro. Kun san yadda mutum kan ba maƙwabcinsa sa ya yi noma damana ɗaya, sannan a maido? To, haka ake aron ɗan wasa.

A 2010 aka ba da shi aro ga Monako, mai wasa a gasar Faransa, ya yi abin kirki. Daga nan aka kai shi Bordo, abin bai yi kyau ba. A farkon 2011 ya komo Monako. Bai daɗe ba ya ji mummunan ciwo a gwiwa, ya yi watanni bai taɓa ƙwallo ba. Da ya warke sai aka sake ba da shi aro, aka maida shi Beljik, sannan Faransa kuma.

Bayan ya rabu da CSKA tafiya ba ta ƙare ba. A 2012 ya je Tunisiya. A 2013 ya je Fotigal, ya yi wa ƙungiyoyi biyu wasa. A 2015 sai ƙasar Sin. Daga 2016 zuwa 2021 ya taka Danmak, ya komo Faransa, ya je Madina a ƙasar Saudiya, ya je Isra'ila, ya je Lukzambur. In kuka ƙirga, ƙasashen waje 10 ke nan.

Me ke sa ɗan wasa yawo haka?

Na farko, mutum 11 kaɗai ke shiga fili, alhali ƙungiya tana da 'yan wasa fiye da 20. Wanda ke zaune a benci ba a ganinsa, darajarsa sai ta faɗi. Gara ya tafi inda zai buga.

Na biyu, ana canza mai horaswa. Wanda ya kawo ka ya tafi, sabo ya zo da mutanensa.

Na uku, ciwo. Ƙafa ita ce jarin ɗan ƙwallo. Rana ɗaya tana iya ɓata aikin shekara.

Na huɗu, shekaru. Da mutum ya wuce 30, gudu ya fara raguwa, yawanci sai a riƙa ba shi takardar shekara ɗaya ko biyu. Manomi yana noma har ya yi furfura, ɗan ƙwallo kuwa kafin 40 ya aje takalmi.

Bai manta gida ba

A shekarun da Musa ke wasa a waje, in an kira shi yakan zo ya sa rigar Mena, ƙungiyar ƙasarmu. A watan Oktoba na 2010, a babban filin wasa na Yamai, Nijar ta ci Masar 1 da 0. A lokacin Masar ce ke riƙe da kofin Afirka. Musa ne ya jefa wannan ƙwallo. Wannan nasara ta taimaka Nijar ta shiga gasar kofin Afirka karo na farko a 2012. Ta sake shiga a 2013.

Abin lura ga iyaye

Musa ya tafi ta hanyar gaskiya, daga ƙungiya zuwa ƙungiya, da takarda a hannu. Amma akwai 'yan damfara masu kiran kansu dillalan ƙwallo. Su ce wa uba ya kawo kuɗɗin biza da na jirgi. Uba ya sayar da albasarsa da shanunsa, wani har gona. A kai yaro wata ƙasa a bar shi a tasha, ba ƙungiya, ba kuɗɗin komowa.

Ku riƙe abu uku. Dokar FIFA, hukumar ƙwallo ta duniya, ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wasa a wata ƙasa, sai da wasu dalilai kaɗan. Ƙungiyar kirki ita ke biyan ɗan wasa, ba shi ke biyanta ba. Kuma kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba. In da Faransanci aka rubuta, ku nemi amintacce ya karanta muku, ku kuma tambayi hukumar ƙwallo ta Nijar a Yamai. Rashin sani ya fi dare duhu.

In ɗanka yana da ƙafa, bar shi ya buga. Amma kada ya bar lakkwal ko sana'a saboda ƙwallo, don ranar aje takalmi tana zuwa.

Tambayoyi

1. A wace ƙungiya Musa Ma'azu ya fara suna?
2. In an sayi ɗan wasa, wa ake biya kuɗɗin?
3. Mene ne aron ɗan wasa?
4. Ku rubuta abu biyu da ke sa ɗan wasa ya canza ƙungiya.