Mai jinyar ciwon bipola ma tana bukatar a duba lafiyarta

A unguwa irin Wadata ta Yamai, inda kasuwa da tashar mota ba sa barin gari ya yi shiru, ba a saurin gane farkon tashin wannan ciwo. Saurayi zai kwana uku bai runtsa ba, amma da safe ya fi kowa kuzari. Magana ba tsayawa, faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya kwashi jarin shagon gidansu ya sayo kayan da ba mai saye, ya rabar da sauran a fada, ya ce kafin salla zai sayi manyan motoci biyu na zuwa Maraɗi. Abokai su ce buɗi ne ya zo, maƙwabta su ce ƙwaya ce. Bayan makonni ko watanni sai abin ya juye. Ya shige ɗaki, ba wanka, ba ci, ba fira, yana cewa mutuwa ta fi masa.

Wannan hawa da sauka shi ne ciwon bipola. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana bin jini a wasu gidaje, kuma galibi yakan fara nuna kansa daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da ƴan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ke ɗauke da shi. Yana da magani, kuma wanda ya riƙe maganinsa yakan koma sana'arsa, ya riƙe iyalinsa.

Yau dai maganata a kan wadda ke zaune bakin ƙofar ɗakinsa ce. Na ce "wadda" don a gidajenmu jinya kusan kullum a kan mace take faɗawa: uwa, ko mata, ko babbar ɗiya da aka cire daga makaranta "na ɗan lokaci". In ya ƙi barci, ita ma ba barci, tana saurare kada ya buɗe ƙofa ya fita tsakar dare. In ya ci bashi a kasuwa, ita masu bashi ke yi wa sallama. In aka kwantar da shi a Pavillon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ita ce da tabarma da kwanon abinci, ita ce da takardar magani a hannu tana bin farmasi. Dangi su zo, su ce "Sannu Inna, ya mai jiki?", su ajiye jika ɗaya ko biyu, su tafi. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Ke fa Inna, yaushe rabonki da barci?"

Jiki kuwa ba ya yafe wannan bashi. Rashin barci na wata da watanni da fargabar da ba ta yankewa suna ingiza hawan jini, suna dagula ciwon sukari ga mai shi, suna kawo ciwon kai da mantuwa da saurin fushi. Binciken da aka yi a kan iyalan masu wannan ciwo a Amurka da Turai ya nuna cewa masu jinyar da nauyi ya yi wa yawa sun fi saurin faɗawa ciwon damuwa, kuma maras lafiyan da ke hannunsu ma ciwonsa ya fi saurin dawowa. Ke nan ko don shi kaɗai ake tunani, kula da ita wani ɓangare ne na maganinsa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa da babbar murya. Wasu masu jinya, in gajiya ta kai musu iya wuya, sukan ɓalli rabin ƙwayar maras lafiyan su sha don su samu barci, ko su sayi maganin barci wajen masu talla a faranti. Wannan ganganci ne. Magunguna irin su Haldol da Largactil suna iya sandarar da wuya da harshe, su sauke jini har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ƙwayoyin barci irin diyazefam kuma suna kama mutum, ya wayi gari ba ya iya kwanciya sai da su. Wadda ta yi mako biyu ba ta jin daɗin komai, ba ta sha'awar abinci, tana kuka a ɓoye, ko ta fara raya wa ranta cewa gara ta huta da duniya, ta wuce a ce mata "ki yi haƙuri". Ta je cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa, ko ta gaya wa likitan da ke duba ɗanta a ranar da ta kai shi.

Abin da ya fi rashin barci ciwo, a ganina, shi ne zargi. Matar aure tana fama da mijin da ke zaginta a bainar jama'a saboda ciwo, sannan dangin miji na raɗa cewa ita ta yi masa asiri. Uwa kuma a ce ita ta sangarta shi. Daga nan sai a fara yawon neman karya sammu, a sayar da kayan ɗaki, a cinye kuɗin adashe, wani lokaci har a kai ga ɗaure mutum da mari. Addu'a da ruƙiya ba su hana shan magani ba, kuma malamin kirki ba zai ce a zubar da ƙwayar likita ba. Ɗauri kuwa rauni da ƙiyayya kawai yake bari, mai jinyar ce kuma za ta zauna da su bayan kowa ya watse.

Sani yana rage rabin wahalar. A 2008, likitoci a birnin Basalona na ƙasar Sifen sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka tara dangin masu ciwon suna koya musu alamomi da magani da yadda ake zama da maras lafiya. Waɗanda aka koyar da danginsu, ciwonsu ya fi jinkirin dawowa. Abin da za a koya ba ɓoyayye ba ne. Raguwar barci ita ce alamar farko ga mutane da yawa, don haka in ya kwana biyu yana tsallake barci ba tare da gajiya ba, a koma asibiti tun kafin ya fara fashe-fashe. Kada a daina magani don an ga sauƙi. Wanda ke shan litiyom yana bukatar gwajin jini a kai a kai, da ruwa isasshe, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a Yamai, kuma kada a ba shi ibuprofen ko diklofenak ba da sanin likita ba, don suna tara litiyom a jini. Gudawa, amai, rawar hannu mai tsanani da tangaɗi alamun gaggawa ne. Kafin azumi a tambayi likita. Mace mai shan Dépakine kuma ta yi shawara kafin ta ɗauki ciki, domin yana cutar da ɗan tayi. In maras lafiya ya ambaci kashe kansa, a ɗauki maganar da gaske, a kawar da magunguna da wuƙa da maganin ƙwari, a kai shi asibiti a ranar.

Lokacin da ya samu lafiya shi ne lokacin zama da shi, cikin mutunci, a yi yarjejeniya: wa zai riƙe kuɗin shago in alamu sun fara, wa za a kira, wace mota za ta kai shi. Da bakinsa ya amince, don kada gobe a ce matarsa ce ta ƙwace masa dukiya.

Ku kuma ƴan uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yayan da ke Abijan ko Legas ya ɗauki kuɗin magani duk wata, ya turo ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana a kan rana tsayayya, ba sai an roƙa ba. Ƙane namiji ya karɓi kwanan dare biyu a mako, mai jinya ta je wani gida ta yi barci na gaske. Ɗiyar da aka cire daga aji a mayar da ita. Matan unguwa kada su daina gayyatar mai jinya biki da foyandi don an ga ta yi shiru. A wannan makon ma, wani daga cikinku ya zauna da maras lafiyan na wuni guda, wani kuma ya raka ta a auna mata jini da sukari.