Zafin Bazara da Farantan Sola: Lissafin da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Obi Ya Yi Kafin Ya Zuba Jari

Ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa, wadda take kudu maso gabas da Lafiya, babban birnin jihar, ta daɗe cikin lissafin masu harkar makamashi a Nijeriya. Shekaru da dama ke nan da aka san akwai kwal kwance a ƙarƙashin ƙasa tsakanin Lafiya da Obi, sa'an nan a ranar 28 ga Maris, cikin shekarar 2023, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ƙaddamar da haƙar rijiyar neman mai ta Ebenyi-A a yankin. Amma makamashin da ya fi saurin isa shagon mai sayar da ruwan sanyi da mai cajin waya da mai ɗakin shan magani shi ne hasken rana.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta wuce Naira 1,000. Ƙaramin janareta, wanda a da shi ne madogarar mai ƙaramar sana'a, ya koma yana cinye riba da uwar kuɗi. Saboda haka 'yan kasuwa da yawa suka juya ga farantan sola. Sai dai akwai wani lissafi da mafi yawan masu saye ba sa yi, wato na abin da zafi da sauyin yanayi suke ragewa daga wutar da aka yi musu alkawari.

Haske faranti yake so

Abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne, gwargwadon zafin rana gwargwadon wutar da faranti zai bayar. Al'amarin ba haka yake ba. Ƙwayoyin silikon da ke cikin faranti haske suke mayarwa lantarki. Zafi kuwa cikas ne a gare su: idan jikinsu ya ɗumama, ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt, yakan sauka sosai, alhali yawan wutar da ke gudana ɗan kaɗan yake ƙaruwa. Idan aka haɗa biyun, abin da faranti yake fitarwa raguwa yake yi.

Adadin wat da ake gani a rubuce a bayan kowane faranti an samo shi ne a ɗakin gwaji, bisa ƙa'idar da masana'antun duniya suka amince da ita: hasken da ya kai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, da kuma jikin faranti a kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. Digiri 25 ɗin nan na jikin farantin ne, ba na iskar gari ba. Faranti baƙi ne, an kuma rufe shi da gilashi, don haka idan rana ta take, jikinsa yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 25 zuwa 30.

A kan takardar bayanin kowane faranti na ƙwarai akwai wani ɗan adadi da ke nuna kashi nawa ne cikin ɗari yake zubarwa a duk digiri ɗaya da ya hau bisa 25. Tsofaffin farantai masu launin shuɗi, waɗanda ake kira foli, sukan zubar da kashi 0.40 zuwa 0.45. Baƙaƙen da ake kira mono, waɗanda suka cika kasuwa, kimanin kashi 0.35. Sababbin ƙira irin su TOPCon kuwa kimanin kashi 0.30, wasu ma ƙasa da haka.

Lissafin tsakar ranar Maris

Obi tana cikin kwarin Binuwai, ƙasa ce mai ƙarancin tudu, kuma a watannin Fabrairu da Maris zafin tsakar rana a yankin yakan kai digiri 36 zuwa 38. A irin wannan rana, jikin farantin da ke bisa rufin kwano yana iya kaiwa digiri 65, wato ya zarce ma'aunin ɗakin gwaji da digiri 40.

Alal misali, a ɗauki ɗan kasuwar da ya sayi farantai 10 masu wat 550 kowanne, jimla wat 5,500. Idan irin masu zubar da kashi 0.35 ne, zafi kaɗai zai ɗebe kashi 14 cikin ɗari, wato wat 770, ya bar shi da wat 4,730. Ke nan ya biya kuɗin farantai 10, amma a daidai wannan lokaci bai ci moriyar 9 cikakku ba. Idan masu kashi 0.45 ne, asarar za ta kai wat 990, idan kuwa masu kashi 0.30 ne, za ta tsaya a wat 660. Wannan duk kafin a cire abin da ƙura da wayoyi da inbata suke ci. Gaskiya ne cewa da safe da kuma la'asar asarar ba ta kai haka ba, amma tsakar rana ce lokacin da ake sa ran cika batura da ɗaukar manyan injuna.

Wurin da aka kafa faranti ma yana da tasiri. Jos, babban birnin Jihar Filato wadda daga cikinta aka cire Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma zafinta na bazara ya gaza na Lafiya da digiri da dama. Farantin da aka kafa a can zai fi ɗan'uwansa na Obi ba da wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari idan hasken ɗaya ne. A Sakkwato da Maraɗi kuwa, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40, asarar ta fi ta Obi, sai dai yawan hasken da suke samu a shekara yana cike giɓin har da rara.

Kowane lokaci da nasa haraji

Shekarar Obi, ta fuskar mai sola, kashi huɗu ce, kuma kowanne da abin da yake karɓa.

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, safiya tana da sanyi, faranti yana aiki da lafiyayyen jiki. Amma hazo yana tare haske tun daga sama, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi, ga tokar ƙunar daji da ake yawan yi a yankin bayan girbi. Farantin da aka bari makonni ba a wanke ba yana iya yin asarar da ta kai ta zafi, ko ta zarce ta.

A bazara, daga tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilu, haske yana da yawa, kuma duk da harajin zafi, jimlar wutar da ake samu a yini tana cikin mafi yawa na shekara. Matsalar ita ce buƙata ma a lokacin take kai ƙololuwa. Firiza tana daɗewa tana aiki kafin ta daskarar da ƙanƙara, fanka ba ta hutawa, rijiyoyi suna ja da baya, mai rijiyar burtsatse yana ƙara sa'o'in jan ruwa. A shekarun 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo cikin Maris, lokacin da cinikin ƙanƙara da ruwan sanyi yake ninkawa. Wanda aka auna masa kaya daidai wa daida bisa adadin da ke bayan faranti, a irin wannan wata ne zai ga firiza ta mutu da ƙarfe uku na dare.

A damina, musamman Yuli da Agusta zuwa Satumba, zafin rana yakan sauka zuwa kimanin digiri 29 ko 30, ruwan sama yana wanke gilashi kyauta, faranti kuma yana aiki da ingancinsa. Sai dai gajimare yana riƙe hasken, wani lokaci kwana biyu ko uku a jere. Saboda haka watannin da faranti ya fi samun sanyi su ne kuma watannin da ya fi ƙarancin wuta. Abin da gajimaren Agusta yake ɗauka ya fi abin da zafin Maris yake ɗauka.

Da kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sama tana washewa, ƙura ba ta riga ta sauko ba. Wannan yana cikin lokutan da mai sola ya fi jin daɗi, ya kuma zo daidai da fitowar shinkafa da riɗi da doya, lokacin da kuɗi suke yawo a kasuwanni irin ta Agyaragu. Haɗarin shi ne, wanda ya sayi kaya a wannan lokaci ya gwada ya ga komai lafiya, sai ya ɗauka haka shekarar za ta ƙare.

Batir da inbata

Zafi bai tsaya kan faranti ba. Batir, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada cikin kayan, ya fi faranti jin jiki. Batir mai ruwa, irin na dalma, an ƙera shi ne don ya zauna a kimanin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 da ya daɗe a ciki yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. Batirin litiyam ya fi juriya, amma shi ma zafi yana tsufar da shi. Inbata kuwa, idan ta yi zafi fiye da kima, da kanta take rage wutar da take bayarwa, ko ta ɗauke gaba ɗaya don kare kanta. Shagon kwantena ko ɗaki mai rufin kwano maras silin da taga, wanda yake zama kamar tanda da azahar, shi ne mafi munin wurin ajiye waɗannan kaya. Asarar faranti takan dawo idan gari ya yi sanyi, amma batirin da zafi ya cinye sai dai a sake saye.

Darasi daga maƙwabta

A watan Nuwamba na 2021, kamfanin Husk Power Systems, wanda ya fara aikinsa a jihar Bihar ta ƙasar Indiya, ya ƙaddamar da ƙananan tashoshin sola guda 6 a Jihar Nasarawa: Rukubi da Idadu da Igbabo a ƙaramar hukumar Doma, sai Kiguna da Akura da Gidan Buba a ƙaramar hukumar Lafiya. An yi aikin ne ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, da tallafin Bankin Duniya. Haka kuma akwai tashar megawat 10 ta Challawa a Kano da aka buɗe a Janairun 2023, da ta megawat 7 a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar tun 2018.

Abin lura a irin waɗannan tashoshi shi ne yadda ake kafa farantai: a kan ƙarafa bisa fili, nesa da ƙasa, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsu. Kafin a zuba kuɗi kuma, injiniyoyi sukan lissafa wutar kowane wata daban, da zafinsa da gajimarensa da ƙurarsa. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da irin jarinsu, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Abin da mai saye zai nema

Da farko, ya nemi ganin takardar bayanin farantin, ya duba adadin asarar zafi. Idan farantai biyu sun yi daidai a wat, farashinsu kuma ya yi kusa, mai ƙaramin adadi ya fi dacewa da kwarin Binuwai. Farantin da ba shi da takarda, ko wanda aka liƙa masa wat da girmansa bai kai ba, arharsa ba ta hana tsada daga baya.

Na biyu, ya tabbata mai haɗawa ya bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kwano da faranti. Manna faranti a jikin kwano yana ƙara masa zafi, ba tare da an rage wani kuɗin kirki ba. Inda akwai fili mai tsaro, kafawa a kan ƙarafa ya fi. Obi tana kusa da digiri 8 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka karkatar da faranti kimanin digiri 10 zuwa 15 yana fuskantar kudu ya wadatar, yana kuma taimaka wa ruwan sama ya gangara da datti.

Na uku, wanki ya zama da sassafe ko bayan faɗuwar rana, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya yi zafi da tsakar rana yana iya jawo tsagewa. Kashin tsuntsu da inuwar reshe ko ta tankin ruwa su ma abin kula ne, domin ƙwayar da aka rufe takan yi zafi fiye da sauran, har ta lalace.

Na huɗu, a tsara ayyuka masu cin wuta, kamar jan ruwa da daskarar da ƙanƙara, su fara tun hantsi, lokacin da haske ya yi ƙarfi amma faranti bai gama ɗaukar zafi ba.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci ga wanda zai ci bashin banki ko ya saya biya kaɗan-kaɗan, shi ne ya buƙaci mai haɗawa ya rubuta masa adadin wutar da zai samu a yini a watan Maris da kuma a watan Agusta, ya kwatanta da abin da injunansa suke ci a waɗannan watanni. Farashin faranti ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya cikin shekarun 2023 da 2024, saboda haka ƙara faranti ɗaya ko biyu a kan goma ya fi sauƙi bisa sake sayen batir ko komawa gidan mai. Banki ba ya rage kason wata don gari ya yi zafi ko hadari ya rufe sama, don haka jarin da aka gina bisa lissafin waɗannan watanni biyu shi ne zai iya biyan kansa.